Rajistar masu laifin fyaɗe: abin da za ta yi mana a Lolo, da abin da ya rage a wuyanmu

Tun ranar 25 ga Nuwamba 2019 Nijeriya take da rajista ta ƙasa wadda ake rubuta sunayen mutanen da kotu ta kama da laifin fyaɗe ko lalata da yara. Duk lokacin da muka kawo wannan batu a taron ƙungiyoyi a Lolo, ko Illo, ko Tsamiya, tambaya biyu ce take fara fitowa. Ta farko: me zai hana mu ma mu buɗe namu littafin a ƙofar dagaci, mu rubuta sunan duk wanda muka sani? Ta biyu: idan mai laifin ya ƙetare zuwa Madekali fa, wa zai bi shi?

Mun shirya wannan darasi domin ƙungiyoyin mata, kwamitocin iyaye da malamai, shugabannin addini, masu unguwanni da 'yan sintiri. Zai fi kyau a karanta shi a cikin taro, sashe bayan sashe, mutum ɗaya yana karantawa da ƙarfi domin waɗanda ba su iya karatu ba. Akwai tambayoyi a ƙarshe.

Girman matsalar

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta yi bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. An gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an taɓa yin lalata da su ko an yi yunƙurin haka kafin su kai shekara 18. Waɗanda suka sami wani taimako bayan abin ya faru ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Wannan lissafi na ƙasa baki ɗaya ne, amma babu dalilin da zai sa mu ɗauka cewa garinmu ya tsira. Lolo mashiga ce. Direbobi suna kwana, fatake suna wucewa zuwa kasuwar Malanville, 'yan ƙwadago suna zuwa lokacin yankan shinkafa a fadama, kwale-kwale yana sauke mutane yana ɗauka. A tsakiyar wannan hada-hada 'yan mata ƙanana suke yawo da farantin talla, wasu har bayan isha'i.

Mece ce rajista?

Rajista littafi ne na hukuma, a yau kuma yawanci a kwamfuta yake. Ana rubuta sunan mai laifi, da hotonsa, da irin laifin da ya yi, da kotun da ta yanke masa hukunci. Iri biyu ce a duniya. Akwai wadda 'yan sanda da kotu kaɗai suke gani. Akwai kuma wadda ake buɗe wa jama'a, kowa ya duba.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fara ajiye irin wannan littafi a 1947, na amfanin 'yan sanda. Buɗe shi ga jama'a ya biyo bayan wani abin baƙin ciki. A watan Yuli 1994, a jihar New Jersey, wani mutum ya yi wa 'yar maƙwabcinsa mai shekara bakwai, Megan Kanka, fyaɗe, ya kuma kashe ta. Daga baya aka ji cewa sau biyu kotu ta taɓa kama shi da laifin lalata da yara, iyayen yarinyar kuwa ba su sani ba. Jihar ta yi doka a wannan shekarar, a 1996 kuma ta zama dokar ƙasa: dole hukuma ta sanar da jama'a game da irin waɗannan mutane.

Ingila ta bi wata hanya dabam. Ta kafa rajista a 1997 amma ta bar ta a hannun 'yan sanda. Tun 2011, uwa ko uba da ke shakkar wani mutum mai kusantar ɗansu suna iya zuwa wurin 'yan sanda su tambaya, a ba su amsa a asirce. Afirka ta Kudu ta fara aiki da tata rajistar a 2009, da nufin hana duk wanda sunansa ke ciki samun aikin da zai haɗa shi da yara.

Yadda take a Nijeriya

Jihar Ekiti ce ta fara buɗe rajista a 2013, Legas ta biyo baya a 2014. A watan Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. Dokar ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe. Ta amince cewa ana iya yi wa namiji fyaɗe kamar yadda ake yi wa mace. Ta kuma ce a ajiye rajistar masu laifi wadda jama'a za su iya gani. Hukumar NAPTIP, mai yaƙi da safarar mutane, ita ce ta ƙaddamar da rajistar ƙasa a 2019, da taimakon Tarayyar Turai. A shafinta na intanet ana ganin sunaye da hotunan waɗanda aka yanke wa hukunci. Akwai sashen ƙararrakin da ba a gama ba, amma wannan ba a baje shi ga kowa ba.

A 2019 Ekiti ta ƙara mataki. Ta fara liƙa hoton mai laifi a garinsu da sanar da sunansa a rediyo. Cikin waɗanda aka fara yi wa haka akwai wani limamin coci da aka ɗaure saboda lalata da ƙaramar yarinya. Wannan ya isa ya tuna mana cewa rigar addini ba ta wanke kowa.

A watan Yuni 2020, bayan jerin fyaɗe da kisa da suka tayar da hankalin ƙasa, gwamnoni 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, suka kuma yi alkawarin kowace jiha za ta buɗe rajista. A watan Satumba na wannan shekarar Kaduna ta tsananta hukunci, har da dandaƙa ga wanda ya yi wa ƙaramin yaro fyaɗe. Dokar VAPP ta tarayya a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye, sai kowace jiha ta yi tata. A nan Kebbi, Gwamna Atiku Bagudu ya sa hannu a dokar hana cin zarafi da dokar kare haƙƙin yara a 2022.

Amfanin rajista

Rajista tana da amfani uku da ba mu shakka a kansu.

• Tana taimaka wa mai ɗaukar ma'aikaci. Shugaban makaranta, ko mai gidan marayu, ko ƙungiyar da ke neman direba ko mai gadi, za su iya dubawa kafin su ba mutum amanar yara.

• Tana taimaka wa 'yan sanda da alƙali su gane wanda ya maimaita laifi, ko da a wata jiha ya yi na farko.

• Tana mayar da kunya inda ta dace. A al'adarmu yarinyar da aka ɓata ita ce take ɓuya, mai laifin kuwa yana yawonsa a kasuwa. Rajista tana cewa shi ne abin nunawa.

Inda rajista ba ta kai

Sai dai akwai wurare huɗu da hannun rajista bai kai ba, kuma duka huɗun sun shafe mu.

Na farko, wanda kotu ta hukunta kaɗai ake bayyana sunansa ga jama'a. Mu duba doguwar hanyar da ƙara take bi kafin ta kai nan. Sai yarinya ta iya buɗe baki ta faɗa. Sai iyaye sun yarda a fita da maganar, alhali suna tsoron kada ta rasa mijin aure. Sai an kai wa 'yan sanda, an sami takardar likita. Yawanci akan mayar da irin wannan ƙara Birnin Kebbi, a jira shawarar ma'aikatar shari'a, a shiga kotu, a yi ta ɗage zama. Kowace tafiya kuɗin mota ce da asarar yinin gona. A kowane mataki dattawa suna zuwa roƙo a yi sulhu a rufa asiri. Ƙara kaɗan ce take kaiwa ƙarshe. Ko ta kai, sai hukumar jiha ta aika da sunan kafin ya shiga rajistar ƙasa. Saboda haka rashin sunan mutum a rajista ba shaidar halin kirki ba ce. Ko a Amurka haka abin yake: wani bincike da aka buga a 2008 ya duba bayanan shekara 21 na jihar New York, ya gano cewa fiye da kashi 95 cikin ɗari na waɗanda aka kama da irin wannan laifi ba a taɓa hukunta su a kansa ba, wato sunansu ba ya cikin kowace rajista.

Na biyu, mai cutar da yaro galibi ba baƙo ba ne. Wani rahoto na ma'aikatar shari'a ta Amurka a shekarar 2000 ya nuna cewa kashi 93 cikin ɗari na yaran da aka ci zarafinsu sun san wanda ya yi musu. Kusan ɗaya cikin uku ɗan uwa ne na cikin dangi. Baƙi kashi 7 ne kawai. A garin bakin iyaka yana da sauƙi mu ɗora laifi a kan direba da baƙo, mu manta da kawu, da maƙwabci, da mai shagon da yake ba yarinya alewa kullum, da malamin da ake tura masa yara. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Na uku, rajista tana tsayawa a bakin iyaka, mutane kuwa ba sa tsayawa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Mu ma mun san cewa tsakanin Lolo da Madekali akwai auratayya da gonaki da hanyoyin babur da ba sa bi ta shingen kwastan. Wanda aka ɗaure a Kandi ko Parakou ba za a ga sunansa a rajistar Abuja ba. Wanda aka hukunta a nan zai iya komawa can ya zama sabon mutum. Har rubutun suna yana sauyawa: Usman ya zama Ousmane, Musa ya zama Moussa, Abubakar ya zama Aboubacar. Wannan ba yana nufin Jamhuriyar Benin ba ta da doka ba. Tana da dokar hana cin zarafin mata ta 2012, da kundin dokokin yara na 2015, da wata doka ta 2021 da ta ƙara tsananta hukunci. Tun 2005 ƙasashen biyu suke da yarjejeniyar haɗa kai wajen yaƙi da safarar mata da yara. Amma littattafan kotunan biyu ba a haɗe suke ba.

Na huɗu, rajistar a intanet take, kuma da Turanci. Uwar da take aika 'yarta talla ba za ta gan ta ba, sai an sami wanda zai duba mata.

Haɗarin fallasa

To me zai hana mu buɗe namu littafin? Kafin mu amsa, mu ji abin da ya faru a wasu wurare.

A watan Yuli 2000, bayan kisan wata yarinya mai shekara takwas, Sarah Payne, jaridar News of the World ta Ingila ta fara buga sunaye da hotunan masu laifi. Nan da nan aka yi ta tarzoma a wata unguwa ta birnin Portsmouth. An jefi gidaje, an ƙona motoci, an kori iyalan da ba su ji ba su gani ba. An far wa wasu mutane don kawai sunansu ko kamanninsu ya yi daidai da na jarida. A yankin Wales an ɓata gidan wata likitar yara da rubutun zagi, domin a Turanci sunan aikinta ya yi kama da kalmar mai lalata da yara. Cikin mako biyu jaridar ta dakatar. A 2006, a jihar Maine ta Amurka, wani saurayi ya samo adireshin mutum biyu daga rajista ya je ya harbe su. A 2008 kuma wani bincike da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa ya duba New Jersey, inda dokar ta samo asali, bai ga alamar cewa sanar da jama'a ya rage maimaita laifi ba.

Mu kawo abin gida. A unguwa ɗaya mutum nawa ne suke amsa sunan Muhammadu ko Umaru? Idan an kira suna a kasuwa, wa zai tabbatar ba a far wa wani ba? Garinmu ya haɗa Hausawa, Dandawa, Zabarmawa, Fulani, Busawa da Kyangawa, Musulmi da Kirista. Zargi ɗaya da aka yaɗa ba bincike zai iya zama rikicin ƙabila ko na addini kafin gari ya waye. Mai rigimar gona ko mai jin haushin kishiya zai iya sa sunan abokin gabarsa. A ƙaramin gari kuma, da zarar an ambaci mai laifi, kowa ya san yarinyar. Ita ce za ta ɗauki tabon har ranar aurenta. Matarsa da 'ya'yansa su ma ba su yi laifin komai ba.

Akwai wani haɗarin da ba a cika lura da shi ba. Idan muka kori mai laifi daga gari, ina zai nufa? Zai je ƙauyen gaba, ko ya ƙetare iyaka, inda babu wanda ya san shi, inda iyaye za su aiko masa 'ya'yansu da ruwa da abinci a matsayin baƙo. Mun kwashe wuta daga rumbunmu ke nan mun kai ta rumbun maƙwabci.

Saboda waɗannan dalilai, shawararmu ita ce: rubuta sunan masu laifi da bayyana shi aikin hukuma ne bayan hukuncin kotu. Kada wata ƙungiya, ko coci, ko masallaci, ko 'yan sintiri su buɗe littafin sunaye na kansu, kada kuma su yaɗa hoton kowa a WhatsApp ko Facebook.

Mutum uku ne, kada mu haɗa su

• Wanda ake zargi. An faɗi magana a kansa, ba a bincika ba. Abin yi shi ne a raba shi da yaron nan take, a kai magana wurin 'yan sanda, a kame baki.

• Wanda aka gurfanar. Ƙararsa tana gaban kotu. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba shi da laifi har sai an tabbatar. Idan an ba shi beli ba an wanke shi ba ne, shari'a tana nan. A nan ne iyalin yarinya suka fi bukatar rakiya, domin a wannan lokaci ake matsa musu su janye.

• Wanda aka hukunta. Kotu ta tabbatar da laifinsa. Shi kaɗai ne sunansa yake fita a rajista.

Abin da kwamitin unguwa zai iya yi

Kada mu ce tunda littafin sunaye ba namu ba ne, ba mu da aiki. Aikin da ya fi yawa namu ne. Muna ba da shawara kowace unguwa ta kafa ƙaramin kwamiti na mutum bakwai zuwa tara, da sanin mai unguwa da dagaci. A sa liman da fasto, ungozoma ko ma'aikaciyar asibiti, malamin makaranta, wakilin 'yan sintiri da wakilin 'yan tasha. Aƙalla uku su kasance mata, domin yarinya ba za ta faɗa wa namiji irin wannan magana ba. Ga ayyukansa:

1. A sa ido a kan wurare. A zana taswirar unguwa a ƙasa ko a allo, a tambayi mata da yara su nuna inda suke jin tsoro: kango, bayan tasha, hanyar rafi, gidan kallo, wurin da manyan motoci suke kwana. Wani wurin fitila yake bukata, wani a sare ciyawa, wani a toshe ƙofa.

2. A yi wa talla ƙa'ida. Yawancin gidaje ba za su iya daina talla yau ba, domin da ita ake cefane da kayan ɗaki. Amma za a iya yarda cewa yara su tafi biyu-biyu, su dawo kafin magariba, kuma kada su shiga ɗaki, ko shago, ko mota, don kai kaya ko karɓar canji. Uwa kada ta doki yarinya don ta dawo da ragowar kaya. Tsoron duka shi ne yake sa yarinya ta bi wanda ya ce zai saye duka.

3. A tantance duk wanda za a ba amanar yara. Makarantar boko, Islamiyya, makarantar allo, ajin yara na coci da ƙungiyar ƙwallo duk ƙa'ida ɗaya ce. A tambayi inda mutum ya fito da dalilin barinsa. A nemi mutum biyu daga can su yi masa shaida, a kira su a waya. A sa mai wayar da ke shiga intanet ya duba rajistar NAPTIP, ya gwada rubutun sunan iri-iri.

4. Kada babba ya kaɗaita da yaro. Darasi, addu'a, ruƙiyya ko nasiha, a yi su a fili ko ƙofa a buɗe, da babba na biyu a kusa. Wannan yana kare yaro, yana kuma kare malami daga ƙazafi.

5. A koya wa yara abu uku: akwai sassan jiki da ba wanda zai taɓa, suna da ikon ƙin babba ko da ɗan uwa ne, duk wanda ya ce kada a faɗa wa inna, to a faɗa mata. Yara maza ma a koya musu, musamman almajirai da suke kwana nesa da iyayensu.

6. A bi sawun ƙara. Littafin da kwamiti zai ajiye shi ne na ƙararraki: lamba a maimakon suna, ranar da aka kai rahoto, inda ƙarar ta tsaya, ranar zaman kotu na gaba. Mutum biyu kaɗai su riƙe shi, a kulle. A kafa ɗan asusu na kuɗin mota, a kuma sami mai raka iyali kowane zama. Ta wannan hanya ce sunan mai laifi yake kaiwa ga rajista.

7. A ƙi sulhun zaure. Fyaɗe laifi ne ga hukuma, ba bashi ba ne da za a biya da akuya ko buhun shinkafa. Aurar da yarinya ga wanda ya ɓata ta ƙarin zalunci ne. 'Yan sintiri kuma idan sun kama mutum, su miƙa shi ga 'yan sanda nan take, ba duka.

8. A ƙulla zumunci da ƙetare. Sarakunanmu da limamai da fastoci sun san takwarorinsu na Madekali da Malanville. Idan wanda ake nema ya ƙetare, a sanar da 'yan sanda da jami'an shige da fice, dagaci kuma ya sanar da takwaransa a asirce. Haka su ma za su yi mana.

Idan ya gama zaman yari ya dawo

Ba kowane mai laifi ake yi wa ɗaurin rai da rai ba. Wata rana zai sauka a tasha da jakarsa. Me za mu yi da shi?

A 1994, a garin Hamilton na ƙasar Kanada, an saki wani mutum da ya sha yin lalata da yara, ya gama wa'adinsa, hukuma ba ta da sauran iko a kansa. Wani fasto na ɗarikar Mennonite, Harry Nigh, ya tara mutane kaɗan daga ikilisiyarsa suka kewaye mutumin. Kullum akwai mai ziyartarsa. Sun taimaka masa da wurin zama, sun kuma shaida masa cewa duk ranar da suka ga alamar komawa ga halin da, za su kai shi wurin 'yan sanda. Ya yi fiye da shekara goma, har ya rasu bai sake aikata laifin ba. Tsarin ya bazu a Kanada da Ingila, kuma binciken da aka yi a Kanada ya nuna cewa maimaita laifi ya ragu sosai a tsakanin waɗanda aka kewaye haka.

Muna da abin da ya yi kama da wannan a al'adarmu, wato tsayawa wa mutum. Idan mai laifi ya dawo, dagaci ya kira shi tare da dattawan gidansu. A zaɓi maza uku ko huɗu masu mutunci su tsaya masa. A gindaya sharuɗɗa a fili: ba zai kusanci yarinyar da iyalinta ba, ba zai koyar da yara ko ya yi gadin makaranta ba, ba zai ɗauki yaro shi kaɗai a babur ba, ba zai kira 'yar talla ɗakinsa ba, idan zai bar gari zai faɗi inda za shi. A bar shi ya yi noma, ya yi su, ya shiga kasuwa, ya je sallah ko sujada. Wanda ba shi da sana'a, ba shi da aboki, ya fi saurin komawa ga ɓarna.

Wasu za su ce ai ya tuba, addini kuma ya ce a yafe. Gaskiya ne. Amma yafewa dabam, ba da amanar yara dabam. Wanda ya tuba da gaske shi ne zai fara yarda da sharuɗɗan. Kada kuma a tilasta wa yarinya ko iyayenta su furta yafewa a gaban taro don a rufe magana.

Kwana uku na farko

Idan yaro ya faɗa muku an taɓa shi, ga abin yi:

• Ku saurara, ku gaskata, kada ku yi faɗa. Ku ce masa ba laifinsa ba ne.

• Ku kai shi asibiti nan da nan. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, ana kuma shan sa kwana 28. Kada a jira takardar 'yan sanda, kada a tsaya ga jiƙo da gashi.

• In zai yiwu kada a yi wanka kafin likita ya duba. Kada a wanke tufafin da ke jikinsa, a naɗe su cikin takarda ko tsumma mai tsabta, ba leda ba.

• Ku kai rahoto ofishin 'yan sanda, ku rubuta rana da sunan jami'in da ya karɓa. Ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma da ofishin NAPTIP na shiyyar Sakkwato su ma suna karɓar koke. A Sakkwato akwai Cibiyar Nana Khadija, wadda aka buɗe a 2020 domin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe.

• Ku rufe sunan yaron. Wanda ba shi da aikin yi a cikin maganar kada ya ji.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Idan aka yi wa yarinya fyaɗe a unguwarmu, wa ake fara faɗa wa? Me yake biyo baya? A wane mataki maganar take mutuwa, kuma me ya sa?

2. Waɗanne wurare ne yaranmu suke jin tsoro? Mun taɓa tambayarsu?

3. A ce sabon malami ya zo daga ƙetare, yana da ilimi da fara'a, ba ya neman albashi mai yawa. Waɗanne tambayoyi za mu yi kafin mu ba shi yara? Wa zai yi su ba tare da an ci mutuncinsa ba?

4. A ce wanda ake zargi ɗan gidan sarauta ne, ko shugaban addininmu, ko mai kuɗin da yake ba mu bashin taki. Ƙa'idarmu za ta sauya?

5. A ce mai laifi ya gama zaman yari ya dawo, gidansu kuma yana kallon gidan yarinyar. Me ya kamata a yi? Wa za a fara tambaya?

6. Su wane ne takwarorinmu a Madekali? Yaushe za mu zauna da su?

Kafin a tashi taro, a zaɓi abu ɗaya daga cikin ayyuka takwas na sama wanda za a fara cikin wannan wata. A faɗi wanda zai ɗauki nauyinsa, a kuma sa ranar da za a dawo a ji inda aka kwana.